Ruwan Da Ke Juya Inji Shi Ke Cin Sa: Aikin Tashar Lantarki Ta Kogi Da Kula Da Ita

Tashar lantarki da aka gina a kan kogi ba ta ƙona gawayi, ba ta shan mai, ba ta jiran a kawo mata iskar gas, kuma wannan ne ya sa mutane da yawa, har da masu tsara kasafin kuɗin gwamnatoci, suke ɗaukarta abin da ake ginawa sau ɗaya a yi ta cin moriyarsa babu wata ɗawainiya. Gaskiya ne irin waɗannan tashoshi suna samar da kusan kashi 15 cikin 100 na wutar duniya, kuma akwai waɗanda suka haura shekara 100 suna aiki. Sai dai ruwan da ke juya injin shi ne ke ƙwaƙule ƙarfensa, shi ke ratsa ƙarƙashin bangon madatsa yana neman mafita, shi ke ɗauko lakar da za ta cike tafkin. Aikin kula da tashar kusan duka ƙoƙari ne na gano wannan ɓarna tun tana ƙarama, domin a ɓoye take faruwa, cikin ruwa ko cikin kankare, inda ido ba ya kaiwa.

Lissafin da tashar ta ginu a kansa ba shi da wuya. Abubuwa biyu ne ke yanke yawan wutar da za a samu: yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa, da tazarar da ke tsakanin saman ruwan da ke bayan madatsa da na wanda ke gabanta, wato tsayin faɗuwa. Kubik mita ɗaya na ruwa nauyinsa tan ɗaya ne. Idan wannan adadi yana gangarowa kowace daƙiƙa daga tsayin mita 100, ƙarfin da ke tare da shi ya kai kimanin kilowat 980, kuma tasha mai lafiya tana mayar da wajen kashi 90 cikin 100 nasa zuwa lantarki, matakin da tashar gawayi ko ta gas ba ta ko kusantarsa. Da yake riɓanya adadin farko ake yi da na biyu, ƙaramin rafi da aka gangaro da shi ta bututu daga tsayin mita 800 zai ba da wuta daidai da kogin da ya ninka shi sau 100 amma yake faɗowa daga mita 8 kacal. Bangon madatsa, duk da kuɗin da yake lashewa, ba ya samar da ko ƙyallin wuta. Aikinsa shi ne ya tattara gangaren da kogi zai yi a hankali cikin kilomitoci masu yawa ya mayar da shi faɗuwa guda a wuri ɗaya, sannan, idan kwarin ya ba da dama, ya adana ruwan damina domin rani.

Ba kowace tasha ce ke da wannan ajiya ba. Akwai masu gajeren bango da ke karɓar abin da kogi ya kawo a ranar su mayar masa nan take. Waɗannan ba sa nutsar da ƙasa mai yawa, amma wutarsu tana hawa da sauka tare da kogin. Akwai kuma masu babban tafki, irin su Kainji a kan kogin Neja da aka buɗe a 1968, ko babbar madatsar Aswan a kan Nilu da aka kammala a 1970, waɗanda ke riƙe ruwan watanni, wani lokaci ma na shekaru. Su ma ba su tsira daga fari ba, kuma idan ya zo asararsu biyu ce: ruwan da za a saki ya ragu, kuma tun da saman tafkin ya sauka, kowane kubik mita da aka saki yana ba da wuta ƙasa da yadda ya saba. Abin da ya sami tafkin Kariba a kan kogin Zambezi ke nan a 2024, lokacin da Zambiya ta riƙa shafe mafi yawan sa'o'in yini babu wuta saboda ruwan da za a ba injina ya kusa ƙarewa.

Hanyar da ruwa ke bi daga tafki zuwa inji gajera ce, amma kowane taku a cikinta da dalilinsa. Mashigar tana can ƙasa da saman tafki domin kada ta zuƙo iska idan ruwa ya ja baya, tana kuma sama da gindinsa domin kada ta kwaso laka. A bakinta akwai ragar ƙarfe mai kauri da ke tare itatuwa da ciyayi da robobi. Idan aka bar ragar ta toshe, tashar na rasa wani ɓangare na tsayin faɗuwarta tun kafin ruwa ya kai ga inji, shi ya sa ake auna bambancin tsayin ruwa a gabanta da bayanta, a sa ƙugiya mai haƙora ta riƙa share ta. Daga nan ruwa ya wuce ƙofar ƙarfe ya faɗa cikin ƙaton bututu zuwa ɗakin injina, inda bututun ke ɗaukar siffar katantanwa a kewayen injin, yana ƙara tsukewa yayin da yake zagayawa, domin ruwa ya shiga ta kowace kusurwa da matsi iri ɗaya. A cikin wannan zobe akwai jerin ƙyamaren ƙarfe masu buɗewa da rufewa tare, su ne ke ƙayyade yawan ruwan da zai bugi farfela da kusurwar da zai buge ta. Ruwan da ya gama aiki yana fita ta wani bututu mai ƙara faɗi a hankali, faɗin nan kuma yana rage masa gudu ya haifar da zuƙa a ƙarƙashin farfelar, wadda ke ƙwato ƙarfin da da zai tafi a banza.

Tsayin faɗuwa ne ke zaɓar irin farfelar da za a sa. Inda ruwa kaɗan ne amma yana gangarowa daga ɗaruruwan mitoci, ana amfani da ƙirar da Lester Pelton ya yi wa rajista a Amurka a 1880: ana matse ruwan ya fito ta ɗan bakin bututu da tsananin gudu ya bugi wasu kofuna da aka jera a gefen wili. Inda kogi ke da yalwa amma faɗuwa gajera ce, ƙirar da Viktor Kaplan na Ostiriya ya fito da ita a 1913 ta fi dacewa, domin fukafukanta suna karkata su dace da yawan ruwan da ke zuwa. Tsakanin waɗannan biyu, wato a mafi yawan manyan madatsu, ƙirar Francis ake samu, wadda ruwa ke shiga ta kewayenta ya fita ta ƙarƙashinta. Ita ce a Itaipu a kan kogin Parana tsakanin Barazil da Paraguwai, mai injina 20 kowanne megawat 700, inda inji guda ke haɗiye fiye da tan 600 na ruwa a kowace daƙiƙa. Ita ce kuma a Sanxia a kan kogin Yangtze a ƙasar Sin, wadda megawat 22,500 ɗinta suka sa ta fi kowace tasha girma. Fukafukan Francis a kafe suke, an sassaƙa su domin wani adadin ruwa na musamman, kuma idan aka tilasta mata aiki nesa da wannan adadi, ruwan da ke fita ƙarƙashinta yakan murɗe ya riƙa dukan bangon bututu. Za mu ga abin da wannan ke haifarwa nan gaba.

Wata doguwar sandar ƙarfe, galibi a tsaye, ita ke haɗa farfela da janaretan da ke samanta. A jikin ɓangaren janareta mai juyawa an jera maganaɗisai na lantarki, kuma duk lokacin da suka gifta gaban koyil na jan ƙarfe da ke kafe a kewaye sai wuta ta motsa a cikin wayoyin. Babban layin wuta na ƙasa yana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ko sau 60 a wasu ƙasashe, kuma dole kowane janareta da ke haɗe da shi ya bi wannan bugu ba ƙari ba ragi. Janaretan tashar gas mai bakin maganaɗisu biyu yana juyawa sau 3,000 a minti kafin ya cimma bugu 50. Farfelar ruwa mai nauyin ɗaruruwan tan ba za ta iya wannan gudu ba, sai aka ƙara yawan maganaɗisan, ta yadda inji mai guda 80 ke cimma bugun da juyi 75 kawai a minti. Wutar tana fitowa da ƙarfin da bai cika wuce bolt 20,000 ba, sai taransifoma ta ɗaga ta zuwa dubu ɗaruruwa domin ta yi doguwar tafiya ba tare da ta ƙare a zafin waya ba.

Tun da ba a ajiye wuta a waya, abin da ake samarwa dole ya yi daidai da abin da ake sha a kowane lokaci. Idan masana'antu suka kunna injinansu, janareta yana jin nauyi ya fara neman lafawa, sai na'urar da ake kira gwamna ta tura mai da matsi ya ƙara buɗe ƙyamaren ruwa. Wannan saurin amsawa shi ne babbar darajar tashar ruwa: tana iya tashi daga tsaye zuwa cikakken lodi cikin 'yan mintoci, kuma idan layin ƙasa ya durƙushe gaba ɗaya, sau da yawa ita ake fara tayarwa ta ba sauran tashoshi wutar da za su kunna kansu. Amma dubban tan na ruwa da ke gudu cikin bututu ba sa tsayawa don kawai an rufe ƙofa. Idan aka rufe da gaggawa, matsi yana tashi farat ɗaya, ya haura ya dawo yana dukan bututun har yakan iya fasa shi. Idan kuma aka yi jinkirin rufewa a lokacin da layin waje ya katse, injin da aka sauke wa lodi zai ruga da gudu har ya kusa ninka saurinsa, abin da zai iya yi wa janareta mummunar illa. Tsakanin haɗuran nan biyu akwai 'yan daƙiƙoƙi da aka lissafa, a kansu ake saita gwamna. A tashoshi masu dogon bututu akan ƙara wata doguwar rijiya a tsaye, inda ruwan da aka tare zai hau ya sauka har ƙarfinsa ya huce.

Ɓarnar da ta fi damun masu kula da farfela tana da ban mamaki, domin ruwa ne ke tafasa ba tare da zafi ba. A bayan fukafukai, inda ruwa ke gudu sosai, matsi yakan faɗi har ruwan ya koma tururi ya yi ƙananan kumfa. Da kumfar ta matsa gaba kaɗan inda matsi ya dawo sai ta fashe, kowace ƙwaya da ɗan duka mai tsanani a kan ƙarfe. Duka ɗaya ba komai ba ne, amma idan ya maimaitu dare da rana shekara da shekaru, ƙarfe mai santsi yakan koma duk ramuka. Wanda ya tsaya kusa da bututun fita na injin da ke fama da wannan zai ji ƙara kamar ana juye tsakuwa a cikin ganga. Ko kankare bai tsira ba. A 1983, da aka saki ruwa mai yawa ta ramukan madatsar Glen Canyon a kan kogin Kolorado, irin wannan kumfa ta ɓare kankaren har ruwa ya ci dutsen da ke ƙarƙashinsa, maganin da aka yi kuwa shi ne yanka wasu tsagogi masu shigar da iska cikin ruwan domin ta tausasa dukan.

Gyaran farfela aikin hannu ne fiye da yadda ake zato. Ana rufe ƙofar sama, a jera manyan allunan ƙarfe a bakin bututun fita domin kada ruwan kogi ya komo ta baya, a sa famfo ya tsotse abin da ya rage, sannan a garƙame kowane makunni da bawul da zai iya sakin ruwa, kowane ma'aikaci da nasa kwaɗon, makullin yana aljihunsa, ta yadda ba mai iya buɗe ruwa sai mutum na ƙarshe ya fito. Daga nan ake buɗe wata 'yar ƙofa a jikin bututu, a kafa dandamali a ƙarƙashin farfelar, masu walda su shiga da fitila. Sukan bi kowane fiffike da alli suna zagaye wuraren da suka ci, su shafa wani jan ruwa mai fallasa tsagewar da ido ba ya gani, su goge ɓangaren da ya lalace har sai sun kai lafiyayyen ƙarfe, su cike da waldar ƙarfen da ba ya tsatsa, sannan su sake gogewa suna gwadawa da ma'aunin da aka yanka daidai da ainihin siffar fiffiken. Wannan mataki na ƙarshe shi ake yawan gaggautawa idan ana matsa wa ma'aikata su mayar da inji bakin aiki, alhali ɗan tudun walda da aka bari shi ne wurin da sabuwar kumfa za ta fara. A kogunan da ke saukowa daga duwatsun Himalaya akwai ƙarin masifa, wato yashi mai ƙwayoyin da suka fi ƙarfen farfela tauri, har akan kashe tasha gaba ɗaya idan ruwan ambaliya ya yi kauri, a jira ya washe.

Duk nauyin ɓangaren da ke juyawa, haɗe da turin ruwan da ke danna farfela ƙasa, yana zaune a kan boris guda, kuma a manyan injina wannan nauyi ya kai dubban tan. Ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe a wurin. Wasu faifai ne masu ɗan karkata suke jawo mai tsakaninsu da zoben da ke juyawa, sai nauyin gaba ɗaya ya hau kan shimfiɗar mai da kaurinta bai cika wuce kashi 1 cikin 10 na milimita ba. Albert Kingsbury ya saka irin wannan boris a tashar Holtwood a kan kogin Susquehanna a Amurka a 1912, kuma da aka duba shi bayan shekara 25 an tarar da ƙyar ya nuna alamar ci. Sharaɗin shi ne man ya kasance da tsabta da sanyi, shi ya sa ake ɗibar samfurinsa a nemi ɗigon ruwa ko ɓurɓushin ƙarfe, ake kuma rubuta zafin kowane faifai. Adadin rana guda ba ya faɗin abu mai yawa. Abin da ke tayar da hankalin injiniya shi ne ya ga zafin yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan cikin watanni alhali lodi bai canza ba. Haka ake bibiyar rufin da ke lulluɓe wayoyin janareta, wanda ke tsufa har a wayi gari sai an sake naɗa koyil ɗin gaba ɗaya, haka kuma man taransifoma, wanda iskar da ta narke a cikinsa ke nuna ko wani abu yana ƙonewa a ciki.

Abin da ke faruwa idan aka ga alama aka ƙi tsayawa ya bayyana a tashar Sayano-Shushenskaya a kan kogin Yenisei a Saberiya, mafi girma a Rasha, mai injina 10 da jimillar megawat 6,400. Injinan ƙirar Francis ne, kuma suna da yanki mai faɗi a tsakiyar lodinsu inda girgiza ke tsananta, wanda aka san bai kamata a daɗe a cikinsa ba. Inji na 2 ya daɗe yana girgiza fiye da iyakar da aka yarda, ya kuma kusa cika shekara 30 da aka ƙiyasta masa. A daren 16 ga Agustan 2009 gobara a Bratsk, wata tashar lantarki ta kogi a Saberiya, ta sa aka ɗora wa Sayano nauyin daidaita wutar yankin, aka kuma sa inji na 2 cikin wannan aiki, yana hawa yana sauka, yana ratsa yankin haɗari sau da dama cikin 'yan sa'o'i. Da safiyar 17 ga wata, yayin da yake sake ratsawa, kusoshin da ke riƙe da murfin injin suka tsinke. Matsin ruwa mai tsayin kusan mita 200 ya cilla murfin da sandar da ɓangaren janareta sama, ruwa ya cika ɗakin injina da benayen ƙasa inda mutane ke aiki, wutar tashar kanta ta ɗauke, kuma da yake na'urorin rufe ƙofofin sama sun mutu tare da ita, sai da wasu ma'aikata suka hau saman madatsar suka rufe su da hannu, fiye da sa'a ɗaya bayan fashewar. Mutum 75 suka rasu, injina 9 cikin 10 suka lalace, kuma sai a 2014 aka gama mayar da tashar yadda take.

Binciken hukuma ya nuna cewa cikin kusoshi 80 da ke riƙe da murfin, an samo 49 an duba, 41 daga ciki suna da tsohuwar tsaga ta gajiyar ƙarfe, wato tsagar da ke ƙaruwa sannu a hankali idan ana jijjiga ƙarfe ba hutawa, wasu 6 kuma babu alamar akwai noti a kansu lokacin da abin ya faru. Na'urar auna girgiza tana aiki a ranar, tana kuma nuna adadin da ya zarce iyaka nesa ba kusa ba. Abin da aka rasa shi ne tsarin da zai sa inji ya kashe kansa idan girgiza ta kai wannan mataki, ko mutumin da ke da iko da ƙarfin halin cewa a tsaya a daren da kowa ke neman wuta. A ganina wannan na biyun ya fi wuyar samu, domin na'ura ana iya sayenta.

Bangon madatsa, da ake gani kamar ba ya motsi, yana karkata gaba idan tafki ya cika, ya dawo idan ya sauka, yana kumbura da zafi ya tsuke da sanyi, kuma akwai wayoyi masu nauyi a ƙarshensu da ake ratayewa cikin ramuka a jikinsa domin auna wannan motsi da milimita. Babu madatsar da ba ta yoyo. A cikin bangon kankare akwai dogayen lunguna da mutum ke tafiya a ciki, inda ake tara ruwan da ya ratso a auna shi, da ramukan da aka haƙa zuwa cikin dutsen gindi domin su sauke matsin ruwan da ke neman ɗaga bangon daga ƙasa. Ramukan nan suna toshewa da farar ƙasa a hankali, kuma abin ruɗarwa shi ne idan sun toshe yoyon raguwa yake yi, wanda bai sani ba sai ya ɗauka sauƙi aka samu, alhali matsin ne ke taruwa a ƙarƙashi. A madatsar da aka gina da ƙasa da duwatsu kuwa, launin yoyon ya fi yawansa muhimmanci, domin ruwa mai laka yana nufin ƙasar bangon ce yake sacewa daga ciki. An ga irin wannan yoyo a jikin madatsar Teton a jihar Idaho ta Amurka, mai tsayin mita 93, da safiyar 5 ga Yunin 1976, lokacin da ake cika ta karo na farko, kuma kafin rana ta raba tsakiya ta rushe.

Mazubar ambaliya tana iya shafe shekaru ba a buɗe ta ba, don haka ta fi kowane ɓangare saurin faɗawa cikin mantuwa. Ƙofofinta na buƙatar a riƙa motsa su ana shafa musu giris, a riƙa gwada janaretan ko-ta-kwana da zai ɗaga su, domin ranar ambaliya sau da yawa ita ce ranar da turakun wuta ke faɗuwa. A Fabrairun 2017 kankaren mazubar madatsar Oroville a Kalifoniya ya fashe ana tsakiyar sakin ruwa, aka koma ga mazubar gaggawa da ba a taɓa amfani da ita ba tun kammala ginin a 1968, ita ma ƙasar da ke gabanta ta fara zaizayewa, aka kwashe mutane kimanin 188,000. Tarkacen da ruwa ya zubar ya toshe kogin har aka kasa tafiyar da injinan tashar, aka rasa wata hanyar rage tafkin a lokacin da aka fi buƙatarta. A Kariba kuwa ruwan da ke faɗowa daga ƙofofi shida ya haƙa rami mai zurfin kusan mita 80 a gaban bangon, yana matsowa wajen gindinsa, abin da ya sa aka fara babban aikin gyara a 2017.

Yawancin waɗannan ayyuka ba a yinsu sai an kashe inji, inji a kashe kuwa kuɗi ne ke wucewa. Shi ya sa ake jera manyan gyare-gyare a lokacin da kogi ya ja baya, ana ɗaukar injina ɗaya bayan ɗaya. A Itaipu ƙarin injina biyu na ƙarshe ya ba da damar 18 su ci gaba da aiki yayin da ake duba biyu. Inda ƙasa ke fama da ƙarancin wuta babu irin wannan sarari, sai a yi ta ɗage gyara daga bana zuwa baɗi, idan inji guda ya tsaya a riƙa cire kayansa ana gyara sauran, har ya zama ba ya taɓa tashi. Manyan sassa kuma ba a samunsu a kanti. Farfela ko koyil sai an ƙera musamman domin wannan inji, kuma hakan na iya cin shekara ɗaya ko fiye. Wannan ne ya sa adadin megawat da ake rubutawa a jikin tasha ke yaudarar mai karatu, domin abin tambaya shi ne injina nawa ne za su amsa idan aka kira su yau.

Akwai abu guda da walda ko sabon inji ba sa gyarawa, shi ne lakar da ke kwanciya a tafki. Kogi yana ɗauke da ita ne saboda gudunsa, da ya shiga tafki ya lafa sai ya sauke ta, manyan ƙwayoyi a can baya, masu laushi su matso har bakin mashiga. Yashe babban tafki da injina ya fi ƙarfin kusan kowane kasafi, kuma babu inda za a zuba abin da aka kwaso. Madatsar Sanmenxia a kan Rawayen Kogi a ƙasar Sin, wadda aka kammala a 1960, ta cika da laka cikin 'yan shekaru har ruwa ya fara komawa baya ta kogin Wei yana barazana ga yankin birnin Xi'an. Sai da aka sake buɗe ƙofofin gindi da aka toshe, aka haƙa sababbin ramuka, aka kuma sauya tsarin aiki gaba ɗaya: a riƙe ruwa lokacin da yake garau, a sauke tafkin lokacin ambaliya domin ruwa mai laka ya wuce da kayansa. Dabarar ta ceci madatsar, amma wutar da take bayarwa ba ta kai rabin abin da aka tsara mata ba. Wannan hanya tana yiwuwa ne kawai inda akwai manyan ƙofofi a gindin bango, kuma madatsu da yawa da aka gina a tsakiyar ƙarni na 20 ba a yi musu irinsu ba, don haka abin da ya rage wa masu kula da su shi ne su riƙa zagaya tafkin da kwalekwale mai na'urar auna zurfi, su san inda tudun lakar ya kawo, su rage zaizayar ƙasa a yankin da kogin ke fitowa.